Yadda ake jinyar mikin doki da jaki da ruwan gishiri da zuma

A Daura, sai an sauke kayan hawa ake sanin wanda ya iya ɗaura sirdi. Doki ya wuni ɗauke da jalala da ɗan ƙirji da sauran kayan ado, daga Hawan Sallah zuwa Hawan Magajiya, ga rana ga gumi ga sukuwa. Idan an zare sirdi da yamma sai a tarar gadon baya ya saɓule, ko majayi ya ci bayan hammata, ko linzami ya tsaga gefen baki. Haka ake sake gani lokacin Sallar Gani. Jaki kuwa ba shi da ranar hawa, nasa mikin na kullum ne: akumari ya ci baya, igiyar dabaibayi ta ci ƙafa, mangalar yashi ko ta taki ta goge haƙarƙari, wani lokaci kuma sandar mai kora ce.

A gidan da ake ɗaure dawaki na tashi, har yanzu ni ke duba na gidanmu, maƙwabta masu jakuna ma sukan kawo nasu. Abin da na gani shi ne, yawancin mikin da ya rikiɗe ya zama gyambo ba shi da muni tun farko. Abin da aka zuba masa ne ya ɓata shi, ko kuma an ci gaba da fama shi da kayan da suka jawo shi.

Ku dubi abin da aka saba zubawa: baƙin mai da aka juye daga mota ko babur, baƙin garin cikin batir, toka, ɗanyen kashin shanu, wani har barkono ko kanwa, in abu ya ƙi kuma a sa ƙarfe a wuta a yi lalas. Masu yin haka alheri suke nufi, so suke miki ya bushe, ƙuda ya rabu da shi. To amma miki ba bushewa yake nema ba. Sabon naman da ke tasowa daga ƙasa, da siririyar fatar da ke rarrafowa daga gefe, ba su da ƙwari ko kaɗan, kuma cikin danshi mai tsabta suke yin tafiyarsu. Baƙin mai da garin batir ƙone su suke yi, dabbar kuma ta lashe, gubar ta shiga cikinta. Toka ɓawo take yi mai tauri a sama, mugunya ta taru a ƙarƙashi, mai dabba yana murna ya bushe alhali ciki yana ruɓewa. Kashin dabba kuwa matattarar ƙwayar tetanus ne, wato cutar da ke sandarar da jiki. Wanda ya shafa shi a rauni, da hannunsa ya kai cutar.

Kafin a sa komai

Fara da riƙo. A samu wanda dabbar ta saba da muryarsa ya riƙe ragama, ya tsaya a ɓangaren da kake, don in ta zabura ta yi can, ba kanka ba. Kada ka tsaya a bayanta, kada ka durƙusa gwiwa a ƙasa, sunkuyawa za ka yi yadda za ka iya ja da baya nan take. Idan mikin a ƙafar baya yake, wani ya ɗaga ƙafar gaba ta wannan ɓangaren, harbi zai yi wa dabbar wuya. Jaki kan natsu idan mutum ya rungume wuyansa da hannu ɗaya, ya tallafi haɓarsa da ɗayan. Ka wanke hannunka da sabulu har gwiwar hannu.

Idan jini na zuba, ka ninka tsumma mai tsabta ka danna da ƙarfi, ka riƙe minti goma ba tare da ɗagawa ka leƙa ba. In ya jiƙe, ɗora wani a kai. Jinin doki yana firgita mutum don yana da yawa: doki mai nauyin kilo 300 yana ɗauke da jini wajen lita 24, saboda haka ɗan abin da ya ɓata ƙasa ba shi ne zai kashe shi ba. Wanda ke tsartuwa yana bin bugun zuciya, shi ne abin tsoro. Danna, ɗaure, aika a kira likita.

Akwai raunin da ba na gida ba ne, ko da kana da zuma tulu guda. Raunin da ke kan gaɓa, musamman in wani ruwa mai yauƙi ruwan ɗorawa yana fita. Wanda ake hango ƙashi ko jijiya. Wanda ya shiga ido, ko ya huda ƙirji ko ciki. Ƙusa ko ƙaya da ta nutse cikin kofato. Cizon kare. Da duk raunin da ya hana dabba taka ƙafa. Waɗannan asibitin dabbobi za a nufa, ko a kira malamin dabbobi ya zo. Haka ma yanka mai tsawo da ya buɗe baki: ɗinki ya fi kamawa cikin awa shida zuwa takwas na farko, in an kwana an wuni sai dai a yi jinya a buɗe.

Wanki

Rabin maganin yana nan. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A kowace lita ɗaya a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi biyu, shafaffe, ba mai tozo ba. In da ledar fiya wata kake awo, leda ɗaya rabin lita ce, cokali ɗaya ke nan. Wannan awon ya yi kusan daidai da gishirin da ke cikin jinin dabbar, shi ya sa ba ya zafi, ba ya kashe sabon nama. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi ƙarfi; in ya yi yawa raɗaɗi yake yi, doki ya tsani hannunka.

Ka rage gashin gefen mikin da almakashi, faɗin yatsa biyu, bayan ka rufe mikin da jiƙaƙƙen tsumma don kada gashi ya faɗa ciki. Daga nan sai ɗauraya. Babban sirinji marar allura ya fi, in babu sai a huda murfin gorar ruwa da ƙusa mai zafi a riƙa matsawa. Ƙarfin feshin ne ke fitar da yashi da ƙaiƙayi da guntun ciyawa. Kada a ji rowar ruwa: mikin da ya sha ƙasa yana iya cin lita biyu ko uku kafin ya fito jawur, tas. Ban yarda da dirzawa da auduga ba, tana barin zare. Ban kuma yarda a tsiyaya Dettol tsagwaronsa ko sifirit a cikin nama ba, ƙuna suke ƙarawa. Idan an riga an shafa baƙin mai, a sa sabulu marar ƙamshi da ruwan ɗumi a wanke gefen a hankali, sannan a bi da ruwan gishiri. Ba ya fita duka a rana ɗaya.

Zuma

Cikin duk abin da ke hannunmu, zuma na fi amincewa da ita, kuma akwai dalili. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, ruwanta kaɗan, don haka tana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin cuta, tana kuma jawo ruwan miki da dattinsa zuwa waje. Tana da ɗan tsami wanda ƙwayoyin ba sa so. Sannan idan ta gauraya da ruwan miki tana sakin irin sinadarin haidurojin ɗin nan mai kumfa da ake sayarwa a kemis, amma kaɗan-kaɗan, daidai yadda ba zai ƙone nama ba. Tana tausasa mataccen nama ya ɓanɓaru da kansa, wari ya ragu, bandeji kuma ba ya manne wa miki. Likitocin dabbobi a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun gwada zumar manuka, wadda ake samu daga furen wani icce mai wannan suna, a raunukan ƙafar doki, suka ga waɗanda aka sa wa zuma ba su buɗe sosai ba, kuma sun riga sauran warkewa. Ba mu da manuka a nan, amma zumar amya mai kyau tana aiki.

Matsalar ita ce samun mai kyau. Wadda aka dafa sukari aka haɗa ba zuma ba ce. Wadda aka ɗora a wuta don a raba ta da saƙa ta rasa wani ɓangare na ƙarfinta, domin zafi yana kashe abin da ke sakin sinadarin nan. Ni nakan sayi mai saƙa daga hannun wanda na sani, in matse ta da kaina ta cikin farin ƙyalle da aka tafasa, in zuba a kwalba mai murfi, in ajiye a inuwa. Kwalbar barga daban take da ta gida, kuma da cokali mai tsabta ake ɗiba, ba a tsoma yatsa. A sani kuma, ɗanyar zuma ba ta rasa 'yan ƙwayoyin cuta nata, don haka ba a ɗura ta cikin huda mai zurfi mai ƙaramin baki. Ta miki ce mai faɗi wanda ake ganin ƙasansa.

Ga miki mai faɗin tafin hannu, babban cokali ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. A kan ƙyallen za ka shimfiɗa zumar, sannan ka kifa shi a miki, in ka zuba kai tsaye gangarewa za ta yi ta bi ƙafa. Ƙyallen asibiti mai raga-raga ya fi, in babu a tafasa farin yadi a shanya. A ƙafa, bayan ƙyallen zumar sai a naɗa auduga mai kauri ta zagaye ƙafar duka, sannan bandeji a sama, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, ƙarfin ja iri ɗaya. Audugar nan ba ado ba ce. Bandejin da aka tamke a kan ƙafa babu matashi yana datse jini, yana lalata jijiya, ɓarnarsa ta fi ta mikin. Idan ka gama, yatsanka ya iya shiga ta sama da ta ƙasa. In ƙafa ta kumbura a saman ɗaurin ko a ƙasansa, kwance shi nan take.

Kwanakin farko kullum za a canza, domin miki na fitar da ruwa sosai, zuma kuma in ta tsinke ta gama aiki. Kada ruwan nan ya tsorata ka, aikin zumar ne. Kowane canji a ɗauraye da ruwan gishiri. Idan ruwa ya ragu, nama ya yi ja mai kyau, sai a koma bayan kwana biyu ko uku. Wanda bai samu zuma ba ya zuba farin sukari na gari ya cika mikin ya rufe, amma shi sau biyu a rana ake canzawa don yana saurin narkewa.

Gadon baya da haƙarƙari ba sa ɗauruwa, nan kuma ƙuda da tururuwa da ƙudan zuma za su ce sun samu. Abin da nake yi, in shafa zumar siririya da yamma bayan ƙuda ya kwanta, in rufe da ƙyalle, in ɗora wani yadi marar nauyi a ɗaure shi sako-sako ta ƙirji da ciki. Da safe a wanke. A fatar da ke kewaye da mikin, ba cikinsa ba, a shafa man darbejiya gauraye da man kaɗanya. Ɗacinsa da warinsa na korar ƙuda, man kaɗanyar kuma na hana ruwan miki saɓule fatar da yake gangarowa a kai. Da damina wannan ba abin wasa ba ne: ƙuda na yin ƙwai a miki, kwana ɗaya ya zama tsutsa. In ka ga tsutsa, ka tsince su da hantsaki, ka ɗauraye sosai, waɗanda suka nutse a bar wa likita. A kwashe kashi daga barga safe da yamma, a kai shi nesa da turke.

Sauran abubuwan da ake amfani da su, kowanne da gurbinsa. Alobera, farin ruwan cikin ganyen bayan an bar ruwan ɗorawar nan mai ɗaci ya tsiyaye, tana da kyau ga gogewar igiya da ƙuna da wurin da ya saɓule sama-sama. Bagaruwa tana tamke fata, shi ya sa majema ke jima da ita. Ruwanta da aka tafasa aka tace yana taimaka wa ƙujewa mai tsattsafo da ruwa, amma garinta a cikin miki mai zurfi ɓawo yake yi irin na toka, ni ba na sawa. Man kaɗanya shi kaɗai sai a ƙarshe, lokacin da fata ta rufe tana neman tsagewa, musamman da hunturu.

Ƙafar doki daga gwiwa zuwa ƙasa tana da wani hali nata. Babu tsoka a wurin, fata a ɗame take, kullum cikin motsi, don haka sabon nama yakan yi tsiro ya wuce bakin fata, ya yi tudu ja mai gudaji-gudaji, taɓawa kaɗan sai jini. Muddin ya fi fata tudu, fata ba za ta iya hawa ta rufe ba. Da zarar nama ya cika ramin ya zo daidai da fata, a rage zuma, a rage yawan ɗauri, a hana dokin yawo. In ya riga ya yi tudu, likita ne zai fere shi. Kada a sa masa kanwa ko wuta, sabuwar fatar gefe za a ƙone tare da shi.

Abu biyu da zuma ba ta yi musu komai. Na farko tetanus. Cikin dabbobin gida, doki da jaki na daga waɗanda ta fi saurin kamawa, ƙwayarta na zaune a ƙasa da cikin kashi, kuma ƙaramar huda da iska ba ta shiga ta fi so. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai a ga doki ya sandare, kunnuwa a tsaye, wutsiya a miƙe, muƙamuƙi ya ɗaure ba ya iya tauna, ƙaramar ƙara ta sa shi zabura. Akasarin waɗanda suka kai nan ba sa tashi. Allurar rigakafinta biyu ce a farko, tsakaninsu mako huɗu zuwa shida, sai ta tuni bayan shekara. Dabbar da ba a taɓa yi wa ba, in ta ji rauni mai zurfi, a ranar za a nemi likita ya yi mata allurar gaggawa. Na biyu, idan ka ga ƙuraje sun jeru kamar carbi suna bin ƙafa ko wuya ko ƙirji, suna fashewa da mugunya mai kauri, wani ya warke wani ya fito, wannan ba mikin sirdi ba ne. Cuta ce mai yaɗuwa ta ƙuda da kayan hawa da ake aro. A ware dabbar, a ware jalalarta da buroshinta, a kira likita.

Hutu, da maganar jaki

Wani dattijo mai ɗaukar yashi ya taɓa kawo mini jakinsa da miki a tsakanin kafaɗu, baƙi ƙirin da man inji, gefensa ya yi tauri, in ka danna sai mugunya ta ɓullo ta ƙasan ɓawon. Jakin ko motsi bai yi ba, sai leɓensa na ƙasa da ya saki, kunnuwa sun kwanta gefe.

Na ce, "Baba, me aka sa masa?"

Ya ce, "Baƙin mai ne, ɗana, saboda ƙuda."

Na ce, "Baba, zan wanke in sa zuma, amma sai an ɗauke masa akumari mako biyu ko uku."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, in ya huta, mu me za mu ci?"

Tambayar gaskiya ce, kuma duk mai ba masu jakuna shawara ya kamata ya tanadi amsarta. Hutu cikakke shi ne daidai, babu zumar da za ta warkar da mikin da ake murzawa da kaya kowace safiya. Amma in babu yadda za a yi, a naɗe tsumma mai laushi a yi gammo mai rami a tsakiya, ramin ya fi mikin faɗi, a ɗora yadda nauyi zai sauka a kewaye, kada komai ya taɓa wurin. A rage kaya zuwa rabi, a daidaita mangala kada ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, a yi aikin safe a bar na rana. A farke akumarin a duba: sau da yawa cikinsa ya dunƙule wuri ɗaya, ko an yi masa shafi da buhun leda, wanda ba ya shan gumi, gurzar fata kawai yake yi. Yadin auduga ne ya kamata ya taɓa jiki, a riƙa shanya shi ana kakkaɓe busasshen gumi da yashi. Dabaibayi kuma a daina yi da igiyar leda siririya. A samu tsumma mai faɗi a murɗa, ko a naɗe igiyar da ƙyalle. Haka muka yi da dattijon, mikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda zai ɗauka da an huta, amma ya rufe.

Jaki yana ɓoye ciwo fiye da doki. Doki zai yi ta tirje-tirje, shi kuwa sai ya tsaya shiru, mutane su ce ba ya jin komai. Yana ji. Jakin da ya daina cin abinci yana cikin haɗari na gaske, kada a jira kwana biyu. Kuma an ce jaki ba ya wuce toka: in ka gama wanki ka sake shi, birgima zai je ya yi a juji, aikinka ya koma baya. A ɗaure shi a wuri mai shara, a inuwa. Yanzu da fataucin fatarsa ya rage jakuna, har Tarayyar Afirka ta hana yanka su don fata a 2024, duk wanda ya je kasuwar Mai'aduwa neman wani ya san abin da zai biya. Jinyar wanda ke hannu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Nama ba ya tsirowa a jikin da ke jin yunwa. A ƙara harawa da kowar wake da ɗan dusa, ruwa kada ya yanke, a ba da maganin tsutsar ciki in an daɗe ba a ba da ba. Kowace safiya ka duba abu huɗu kafin ka sa hannu: kumburi ya ƙaru ko ya ragu, wurin ya yi zafi, akwai wari, dabbar ta cinye abincinta? Doki in zafin jikinsa ya haura 38.5 a ma'auni, zazzaɓi ne. Miki mai tafiya daidai ja ne mai laima, da siririn zobe fari-fari ko ruwan hoda a gefe, wato sabuwar fata. Kada a goge zoben nan wajen wanki. In an yi kwana huɗu ko biyar ana wanki da zuma abu sai gaba yake yi, akwai abin da ya maƙale a ciki, ko ƙaya ko guntun ƙashi, ko kuma ana bukatar allura.

Ba ranar da ɓawo ya faɗi ake mayar da sirdi ba. Sabuwar fata siririya ce, gumin yini ɗaya na iya saɓule ta. A jira gashi ya fara fitowa, sau da yawa fari yake fitowa a wurin, ka danna da babban yatsa dabbar ba ta lanƙwasa baya ba. A fara da ɗan zagaye kaɗan ko rabin kaya, a kai sirdin wurin mai gyara ya cike inda ya lotsa. Duk yamma in an sauke, ka bi bayan da tafin hannu: inda ka ji ya fi sauran wuri zafi, ko gashi ya murɗe, ko ya ɗan tasa, a zuba ruwan sanyi, gobe kada a ɗora komai a kai.